Na sa hoton amarya a shafina, angonta ya kira ni: ina mafita?

Mai neman shawara, Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba.

Shekarata uku ina ɗaukar hoto, yawanci bukukuwan mata: kamu, sa lalle, buɗar kai, suna. Da yake ni mace ce, har ɗakin da amarya ke shiri ake bari in shiga. Wata biyu da suka wuce na yi aikin wani biki. Mahaifiyar amarya ce ta kira ni, ita ta ba da kafin alƙalami, ita ta cika sauran. Ranar kamu, ana gama ɗaura wa amarya ɗankwali, hasken taga ya sauka a gefen fuskarta, ta sunkuyar da kai tana kallon lallen hannunta, sai na ɗauka. Wallahi tun da na fara riƙe kyamara ban taɓa samun hoto irinsa ba. Na nuna mata na ce, "Amarya, zan sa wannan a shafina." Ta yi murmushi ta ce, "Ba komai."

Na sa a Instagram da sitatus na WhatsApp, na kuma wanke babba na rataye a shago. Aiki uku na samu ta dalilinsa.

Shekaranjiya angon ya kira ni. Ashe wani shafi mai sayar da leshi ya kwashi hoton, ya yanke tambarina, ya rubuta farashi a ƙasa. Ƙaninsa ne ya gani ya tura masa. A ƙarƙashin hoton maza na ta rubuta maganganun da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Wa ya ba ki izini?" Na ce amarya. Ya ce ita ta ɗauka sitatus na kwana ɗaya nake nufi, kuma a gaban ƙawaye kunya ta hana ta cewa a'a. Ina jiyo kukanta ta cikin wayar.

Na goge nawa, na sauke na shago. A shari'a ina da laifi, alhali ni na ɗauki hoton? Na ji ana cewa akwai takardar amincewa da kwastoma ke sa wa hannu, me ake rubutawa a ciki? Kuma ba za ta kori mutane ba? In ban nuna aikina ba, ta ina za a san ni?

Baba Mai Situdiyo, Kaduna:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Tun zamanin fim nake sana'ar nan, lokacin da tallarmu ita ce akwatin gilashi a ƙofar situdiyo. Akwai hoton wata yarinya da ya shekara biyu a gilashina, har rana ta fara cin launinsa. Wata safiya wani dattijo ya jingine kekensa, ya daɗe tsaye yana kallon gilashin, sannan ya shigo ya gaishe ni har da tambayar iyali. Ya ce 'yarsa ce, an sa ranarta, yana roƙon a cire. Na ɗauko mukulli na buɗe, na haɗa masa hoton da negetif ɗinsa, wato fim ɗin da ake wanke hoton daga gare shi, a ambulan. Magana ta mutu a nan, domin guda ɗaya ne a duniya. Ke kuwa ba ki da negetif ɗin da za ki miƙa.

Kafin zancen takarda, ki samu babba a gidanku ta raka ki wurin mahaifiyar yarinyar nan. Kada ki yi ta waya, kada kuma ki je da "ai ta ce ba komai". Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Uwar ce za ta san yadda za a shigar da ban haƙurin gidan mijin.

Barista, Abuja:

'Yar uwa, Allah ya kawo sauƙi. Abu biyu ne suka cakuɗe miki: mallakar hoto daban, izinin yaɗa shi daban.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce a sashe na 28 haƙƙin aiki na wanda ya yi shi ne tun farko. Ke nan hoton naki ne. Amma sashen bai tsaya nan ba. Ya ce wanda ya sa aka ɗaukar masa hoto don amfanin kansa da gidansa yana da ikon hana a buga shi, a baje shi ko a rarraba wa jama'a, sai fa in akwai wata yarjejeniya tsakaninsu da mai hoton. Hoton biki na cikin wannan. A naki lamarin mahaifiyar ce ta ba da aikin, kuma ita ba ki tambaye ta ba.

Sai Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ita ta kafa hukumar kare bayanan mutane ta ƙasa, wato NDPC. Hoton da za a gane mai shi yana cikin bayanan da take karewa. Ta yarda a ba da izini da baki, a rubuce ko ta na'ura, amma dole ya zama mutum ya san takamaiman abin da ya amince da shi, kuma ba a takure yake ba. Nauyin tabbatar da cewa an ba da izinin yana wuyan wanda ya yi amfani da bayanin, wato ke. To "ba komai" a tsakiyar guɗa, ba a faɗi wane shafi ba, ba a faɗi tsawon lokaci ba, da wuya ki tsaya da shi gaban kowa. Tushen duk wannan kuwa shi ne sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, da ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa.

Ga inda mallakarki za ta amfani amaryar: tun da hoton naki ne, kina da hurumin kai ƙarar shafin leshin ga Instagram. Suna da fom na musamman na satar haƙƙin mallaka. Ki adana hoton shafin nasu tukuna, ki riƙe asalin fayil ɗin da ya fito daga kyamara, ki cike fom ɗin yau.

Ɗan Kyamara, Zariya:

Barista, da girmamawa, wannan maganar ta Abuja ce. A nan ka miƙa wa Hajiya takarda ka ce ta sa hannu, gani za ta yi kotu za ka kai ta, gobe ta koma wurin wani. Kowa a harkar nan ɗorawa yake yi. Kuma mu da muka sayi kyamara da fitilu da kuɗinmu, da me za mu yi talla?

Anti Mai Kwalliya, Kano:

Ƙanina, shekarata biyu ina ba da takarda, kuma ban ga wadda ta gudu ba. Sai ma wasu iyayen da suka kawo min 'ya'yansu don sun ji ni ba na ɗora fuska haka kawai. Yadda ake miƙa ta ne abin dubawa. Ni ranar da aka zo biyan kafin alƙalami nake fito da ita, ana zaune cikin natsuwa, ba ranar biki ba da amarya ba ta san inda kanta yake ba. Kuma ina faɗa da bakina: ko kin ce a'a aikinki ba zai ragu da komai ba, kuɗinki ba zai ƙaru ba.

Tawa rabin shafi ce, da Hausa. Ga yadda take:

"Ni, mai suna kaza, na yarda wance ta yi amfani da hotunana guda kaza, waɗanda na gani na zaɓa da kaina, don tallar aikinta. Na yarda a sa a: Instagram, Facebook, sitatus, bangon shago. Da fuska, ko ba fuska. Da sunana, ko ba suna. Har tsawon shekara ɗaya. Ba za a ba wani mai sana'a ba, ba za a sayar ba. Duk ranar da na ce a cire, za a cire daga wuraren da ke hannunta cikin kwana biyu. An gaya min cewa abin da ya hau intanet wani na iya kwafa."

Ita za ta zagaye abin da ta yarda da shi da biro, ba ni ba. Kwafi biyu, ɗaya nata. Wadda ba ta karatun boko in karanta mata gaban 'yar uwarta ta dangwala, ko ta turo min saƙon murya tana faɗin abin da ta amince da shi, in adana.

Layin nan na "ba za a ba wani ba" shi ne mafi muhimmanci a wurina. A biki ɗaya akwai mai kwalliya, mai ɗaurin ɗankwali, tela, mai lalle, mai ƙawata wuri, kowa zai ce ki turo masa. Izinin da aka ba ki bai kai gare su ba. Ni kaina na sha roƙon masu hoto, har na gane fuskar da ba tawa ba nake roƙo.

Maganar talla kuwa, yawancin amaren da suka hana fuska suna barin hannu da lalle, ɗaurin ɗankwali ta baya, sarƙa, ɗinkin riga. In fuska kake so, ku haɗa kuɗi kai da tela da mai kwalliya, ku ɗauki mai sana'ar tallar kaya ku biya ta, ita ma ta sa hannu.

Maman 'Yan Biyu, Katsina:

Ni ba mai hoto ba ce, kwastoma ce. Tambayata, wa zai sa hannun? Amarya, ko mijin, ko wadda ta biya? Sannan yara fa? Hoton saukar 'yata na taɓa gani a fostar wani mai hoto a bakin titi, ba wanda ya tambaye ni.

Barista, Abuja:

Hajiya, mai fuskar ce za ta sa, matuƙar ta kai shekara 18. Hannun miji ko na uwa ba ya maye gurbin nata. In wani ne ya ba da aikin, shi ma a nemi nasa, a samu biyu. Amma mai hankali zai ce wa amarya ta tafi da takardar gida ta yi shawara da wanda za ta aura kafin ta dawo da ita, don ita ce za ta zauna da abin da zai biyo baya. Ƙasa da 18 kuwa sai da izinin iyaye ko mai riƙo, don haka kina da ikon cewa a sauke fostar nan. Kada a manta da ƙawayen amarya da ke fitowa a gefe, su ma hannun amarya bai wakilce su ba.

Mai neman shawara, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi maganarka. Jiya da la'asar gwaggona ta raka ni. Hajiyar ta yi faɗa sosai, na yi shiru har ta gama, daga ƙarshe ta ce Allah ya kiyaye gaba, za ta yi magana da surukin nata. Na cike fom ɗin Instagram, ina jira.

Da daddare na ɓoye duk hotunan da ke da fuska a shafina, na fara bin masu su da saƙo ɗaya bayan ɗaya. Tara sun amsa. Shida sun yarda, biyu sun ce ban da fuska. Ta taran ta kira ni da kanta. Aurenta ya mutu tun bara, kuma hotonta da tsohon mijin na nan a shafina, kullum tana gani, nauyin yi min magana take ji. Anti, zan kwafi takardarki in kin yarda. Barista, waɗanda ba su amsa ba fa, ko suka canza lamba?

Anti Mai Kwalliya, Kano:

Kwafi abinki ƙanwata, ki sa sunan shagonki a sama.

Barista, Abuja:

Dokar ta 2023 ta faɗa ƙarara cewa shirun mutum ba amincewa ba ne. Ki bar nasu a ɓoye har sai kin same su.