Idan Ka Gano Ɓaraka a Manhaja

Mun zauna da ɗaliban kwamfuta a Sakkwato bayan la'asar, ana shan shayi ana hira kan ɓaraka a manhaja, wato raunin da masu kutse za su iya bi su shiga na'ura, kuma baki ya zo ɗaya: kada ka taɓa na'urar wani sai da rubutaccen izini. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutse. Malam ya ce gwaji a tsohuwar kwamfutarka ake yi, a cire ta daga intanet. Hujja kaɗan ta isa a nuna akwai ɓarakar: ka bi ta cikinta ka sa kalkuletar kwamfutar ta buɗe kanta, ba sai ka kwashi bayanan bayin Allah ba. Wannan ya fi kwanta mini. Sannan ka sanar da masu manhajar a asirce. Masu binciken Google kan ba su kwana 90 su toshe kafin a fallasa.