Neman shawara: wace makarantar firamare ta Katolika za mu saka 'yarmu?

Wata uwa: Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. 'Yarmu za ta cika shekara 6, kuma ni da mahaifinta mun yarda cewa makarantar Katolika za ta shiga, sai dai mun rasa wadda za mu zaɓa tsakanin guda biyu. Ta farko ta cocinmu ce, tana kusa da gida, Fada kuma yana leƙa ta a kai a kai, amma azuzuwan sun cika maƙil, kuma mun ji malamai ba sa daɗewa a can. Ta biyun Sistoci ne ke tafiyar da ita, yara kaɗan ne a aji, ta yi suna wajen jarrabawa, amma tana da nisa, aikin gida kuma ya yi yawa. Yarinyar mai kunya ce ƙwarai, ba ta buɗe baki a gaban baƙo. Ku taimake mu da shawara.

Wani katikis: 'Yar'uwa, ki fara tambayar kowace makaranta yadda take koyar da addini, domin rataye gicciye a bango ba shi ne koyarwa ba. Tun daga 1910, lokacin Paparoma Pius na 10, ana shirya yara su karɓi Tarayya Mai Tsarki (Jibin Ubangiji) da zarar sun kai shekarun hankali, wato wajen shekara 7, don haka 'yarki ta kusa. Ki tambaya ko a makaranta ake wannan shiri ko a coci, da wanda ke koyar da katikizim, wato darussan addinin Katolika. Ki kuma sani cewa dokar Ikklisiya ta 1983 ta ba Bishop ikon sa ido a kan makarantun Katolika da ke yankinsa, har da na Sistoci, ta kuma nemi kada karatunsu ya gaza na sauran makarantun yankin.

Tsohuwar malamar firamare: 'Yata, ni abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne maganar malaman da ba sa daɗewa. Yarinya mai kunya takan ɗauki watanni kafin ta saba da malami har ta iya ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba, kuma idan aka canja shi a tsakiyar shekara sai ta koma cikin shirunta. Ki nemi izinin zama a aji ɗaya na kowace makaranta ranar karatu, ba ranar baje koli ba. Ki lura da abin da malama take yi idan yaro ya yi tuntuɓe a karatu: tana jiransa ya gyara, ko tana tsallakawa zuwa mai ƙoƙari? Ki karɓi littafin rubutun yaron da ke zaune a baya, ki ga ko an duba masa aikinsa. Ki tsaya har lokacin tara, ki ga ko akwai babban da ke kula da yaran da suka keɓe a gefe. Sakamakon jarrabawar 'yan aji shida ba zai gaya miki komai game da wannan ba. Nisa ma kada ki raina shi, domin yarinyar da ta dawo a gajiye ba za ta iya tarin aikin gida ba sai da kuka.

Wani uba: Mama ta faɗi gaskiya. Zan ƙara da cewa ki tambayi iyayen da suka cire 'ya'yansu daga kowace makarantar dalilinsu, ki kuma ji daga bakin shugabar makaranta yadda suke hukunta yaro idan ya yi laifi.

Uwar da ta yi tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Za mu nemi izinin shiga aji ɗaya a makarantun biyu cikin makon nan. Mama, ya dace mu tafi da yarinyar, ko mu fara zuwa mu kaɗai?

Tsohuwar malamar firamare: Ku fara zuwa ku kaɗai, domin hankalinku ya tsaya a kan ajin. Wadda ta kwanta muku a rai, sai ku koma da ita ta gaisa da malamar da za ta koyar da ita.