Shawarwari Kan Darajar Sentin Amurka a Wurin Masu Tara Tsabar Kuɗi

Masu tara tsabar kuɗi da suka tattauna batun sentin Amurka (kwabon da ke daidai da kashi ɗaya cikin ɗari na dala) sun yi ittifaƙi a kan cewa tsufa kaɗai ba ya ƙara masa daraja, domin a da ana buga biliyoyinsa a shekara guda. Abin dubawa shi ne lafiyarsa, wadda ake aunawa da ma'aunin Sheldon daga 1 zuwa 70, sai kuma launinsa, domin wanda ya riƙe jansa na asali ya fi wanda ya dafe tsada.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada a kuskura a goge shi, saboda ƙananan ƙarce-ƙarcen da gugar ke bari suna bayyana ƙarƙashin gilashin ƙara girma, kuma nan take farashinsa ke faɗuwa. A riƙe shi ta gefe, ba ta fuska ba.

Sentin 1982 kuwa iri biyu ne, sai an ɗora shi a sikeli kafin a bambance su: na jan ƙarfe giram 3.11 ne, na tutiya giram 2.5. Aika senti zuwa PCGS ko NGC, kamfanonin da ke auna lafiyar tsabar kuɗi, domin tantancewa, a ganina, asara ce idan ladan aikin ya zarce kimarsa, sai fa mai tsada irin na 1955 wanda rubutunsa ya fito biyu-biyu bisa kuskure.