Ta ina ake sabunta dubulan, nakiya da gireba na Sallah?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sallah ta matso, kuma duk gidan da ka shiga faranti iri ɗaya ne: dubulan, alkaki, nakiya, gireba. Ina so in ɗan canza musu kama da ɗanɗano, amma kada su tashi daga sunansu. Tunanina in zuba cakulan a kan dubulan, in sa dabino a nakiya maimakon sukari. Masu sani, me ake taɓawa, me kuma ake bari?

Mai Kayan Gara:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki bar kwaɓin yadda iyaye suka bar shi, ki yi wasanki a ruwan sukari. Ƙaras-ƙaras ɗin dubulan daga kwaɓi mai tauri da murza shi siriri yake zuwa. Kina ƙara masa madara ko bota mai yawa, zai sha mai a kasko ya yi laushi.

Gwada ruwan zoɓo. Ki jiƙa zoɓo cikin tafin hannu ɗaya a ruwan zafi kofi 1 da rabi na minti 10, ki tace da kyalle. Ki auni kofi 1 na ruwan, ki zuba sukari kofi 2, kanumfari 4 da ɗan yankan citta, ki dafa minti 8 zuwa 10. Ki ɗiga a cokali, in ya ɗan huce ki taɓa tsakanin yatsu biyu: idan ya ja zare ɗaya ya tsinke, ya yi. Kada ki sa lemon tsami a nan. Aikin lemon shi ne hana sukari daskarewa ya koma gari, zoɓo kuwa da tsaminsa ya zo. Suka haɗu, ruwan ba zai taɓa bushewa a jikin dubulan ba, sai danƙo, su manne da juna a roba.

Ruwan ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, dubulan kuma ya fito daga mai da zafinsa. Tsomawa ɗaya, juyi ɗaya, ki kwashe a kwando ya tsane. Zai fito ja jawur yana sheƙi.

Cakulan kuwa ban ba ki shawara ba. Sallolin shekarun nan tsakanin Maris da Yuni suke faɗowa, zafin Kano da Sakkwato yana haura digiri 40, cakulan kuma tun a wajen 33 yake narkewa. Kafin yaro ya kai farantin maƙwabta ya zama caɓi.

Maman Biyu:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ƙarin bayani ɗaya: kada a kai zoɓon nan kan alkaki. Alkaki akwai kanwa a kwaɓinsa don kashe tsami, kuma launin zoɓo ba ya jituwa da kanwa, sai jan ya dushe ya koma toka-toka. Abin da ya dace da alkaki shi ne zuma rabin kofi a cikin sukari kofi 1 da rabi, da sandar kirfa ɗaya da ɓawon lemon zaƙi da aka goga, ban da farin cikin, don shi ne mai ɗaci. Zumar a ƙarshe ake zubawa bayan an sauke, in ta tafasa ƙamshinta ya tafi. Sannan a naɗa alkakin ƙanana, loma biyu. Amma ƙanƙantarsa ba dalilin ƙara wuta ba ce, ɓarzajjiyar alkama sai a hankali cikinta yake nuna.

Mai Kayan Gara:
Na manta batun dabino. Nakiya tana daɗewa watanni ne saboda an soya garin shinkafar ya bushe, sukari da man shanu kuma suka riƙe shi. Dabino mai taushi ruwa ne a cikinsa, zai jawo mata hunhuna. Ki nemi busasshen dabino irin na Agadas, ki cire ƙwallon, ki ƙara shanya shi, ki daka ki tankaɗe. Ki maye kashi 1 cikin 3 na sukarin da shi, kada ki wuce haka, domin dafaffen sukarin ne yake ɗaure nakiya ta dunƙulu. Kimba da masoro ki rage su rabi, in ba haka ba za su danne ɗanɗanon dabinon.

Anti Mai Oven:
Ni a gireba na ɗan saɓa da ku, ita kwaɓinta yana karɓar canji. Ita ce 'yar uwar guraiba ta Larabawa, fulawa ce da mai da sukari, babu ruwa. In ana son ɗanɗanon cakulan, a nan ake sa shi: a fulawa kofi 2 a kwashe cokali 3, a mayar da garin koko cokali 3, a ƙara mai cokali 1 domin koko yana shanye mai. Sukarin a niƙa shi laushi, mai tsakuwa shi ke sa ta farfashe. Wuta digiri 160, minti 15 zuwa 18. Tunda baƙa ce ba za ki gane ta da launi ba, sai kin ga samanta ya ɗan tsage. A bar ta a tire ta huce sarai kafin a ɗaga, da zafi rugujewa take.

Dabinon nan mai taushi da aka hana a nakiya, a nan gurbinsa yake. A markaɗa shi da ɗan man shanu da kirfa, a cusa rabin ƙaramin cokali a tsakiyar kowace, a rufe, a barbaɗa riɗi. Ita dai a yi ta kwana biyu kafin Sallah, a cinye cikin mako, kuma a ware mata robarta daban, don laimar dabinon tana sanyaya dubulan.