Muƙabala da Muhammad Yusuf: Ta Rage Wutar Ne Ko Ta Zuba Mata Fetur?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya a wajen ɗaurin aure na ji wani limami yana cewa malamanmu sun sauke nauyin da ke kansu game da Boko Haram, tunda sun yi wa Muhammad Yusuf raddi tun kafin rikicin 2009. Ni dai ban gamsu ba. A ganina zaman muƙabalar da aka yi da shi ne ma ya ɗaga shi. Mutum yana can Markaz ɗinsa a unguwar Railway a Maiduguri, sai ga shi a faifan bidiyo zaune da Malam Isa Pantami a Bauchi a 2006, faifan yana yawo tasha-tasha. Wanda bai san shi ba ya san shi. In da wa'azi yana kashe mummunar aƙida, me ya sa bayan shekara uku garin ya kama da wuta?

Malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam. Abban Sadiq, to me kake so su yi? Su yi gum da bakinsu yana ce wa yara boko haramun ne, aikin gwamnati kafirci ne? Da sun yi shiru, da yau shirun za mu zauna muna zarginsu da shi.

Abban Sadiq: Allah ya gafarta Malam, ban ce su yi shiru ba. Cewa na yi bai kamata a ba shi kujera ɗaya da malami ba.

Ɗan Gwange: Ku ba ni dama, domin ni a cikin abin na tashi. Yaya Abban Sadiq, ba faifan Bauchi ne ya tara masa jama'a ba. Kafin nan ma ranar karatunsa ba ka samun wurin ajiye mashin. Yana da baki, kuma yana taɓa inda ke yi wa matasa ciwo: cin hanci, zaluncin masu kaki, digiri a aljihu babu aiki.

Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya shiga cikinsu. Yana aji biyu a kwaleji ya daina zuwa, ya ɗage wando, ya daina cin abincin gidanmu wai albashin Baba na gwamnati ne. Wata rana na same shi a bayan ɗaki da takardar sakandarensa a hannu ɗaya, ashana a ɗayan. Mahaifiyarmu ta yi kuka har ta gaji. Baba ya yi faɗa, ya yi duka, duk a banza. Abin da ya karya shi kaset ɗin raddin Malam Ja'afar Mahmud Adam ne. Ka san Malam a Masallacin Indimi yake tafsirin azumi, yaron ya taso yana ganin girmansa. Na bar kaset ɗin a rediyon ɗakinmu ban ce masa uffan ba. Kwana uku ina jin sa cikin dare yana mayar da shi baya, yana sake saurare. A na huɗu ya tambaye ni, ashe Annabi Yusuf da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasar Masar alhali sarkin ba mai imani ba ne? Na ce buɗe Suratu Yusuf, aya ta 55. Yau ma'aikacin jinya ne, 'ya'yansa huɗu. Abokansa biyu da suka zauna a Markaz, tun watan Yulin 2009 ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Maman Ummi: Allahu Akbar. Allah ya jiƙan Malam Ja'afar.

Ɗan Gwange: Amin Hajiya. Shi ya sa in aka ce raddi bai yi amfani ba, zuciyata ba ta ɗauka. Waɗanda suka ɗauki bindiga kowa ya gan su. Waɗanda suka ji hujja suka koma gida shiru, wa ya ƙirga su?

Abban Sadiq: Labarin ƙanenka ya taɓa ni, Allah ya ƙara shirya mana zuri'a. Amma mutum ɗaya ne. Dubbai fa suka bi shi.

Baba Mai Ritaya: Yarana, ku bari tsoho ya sa baki. Ina Kano a watan Disambar 1980 lokacin Maitatsine, na ga 'Yan Awaki da idona. An kashe mutum sama da 4,000, aka kashe shugabansu Muhammadu Marwa, kowa ya ce an gama. Sai ga Bulumkutu a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Bindiga ta kashe shugaban, aƙidar ta yi ƙaura. Haka aka maimaita. A watan Yunin 2009 jami'an Operation Flush, rundunar tsaron haɗin gwiwa ta Borno, suka harbi mabiyan Yusuf a hanyar jana'iza kan maganar hular kwano. Ranar 30 ga Yuli aka kashe shi a hannun 'yan sanda ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, aka haɗa da surukinsa Baba Fugu. Wannan ɗanyen aikin ne ya miƙa wa Shekau abin da zai riƙa nuna wa yara. Abban Sadiq, kada ka ɗora wa malamai kayan da hukuma ta ɗaure.

Malamin Islamiyya: Kuma a tuna abin da suka biya, Baba. Ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2007 aka harbe Malam Ja'afar yana limancin Asuba a Ɗorayi. Malam Albani Zariya, ranar 1 ga Fabrairun 2014, shi da matarsa da ɗansa suna dawowa daga karatu, Shekau ya fito ya ce su ne. A Yulin shekarar aka tayar da bam a Kaduna ana hakon Shehu Ɗahiru Bauchi. A Nuwamba Sarki Sanusi ya ce jama'a su tashi su kare kansu, ranar 28 ga wata aka afka wa Babban Masallacin Kano ana sallar Juma'a. In maganar waɗannan bayin Allah ba ta yi musu illa, me ya sa suke bin su da harsashi?

Maman Ummi: Malam, duk na yarda, amma akwai inda ba ku taɓa ba, kuma zan faɗa ko da ba za a ji daɗi ba. Yusuf bai faɗo daga sama ba. Shekaru muka yi muna jin ana kafirta juna a kan mumbari, wannan ya ce kada a bi wancan salla, kada a ci yankansa, kada a ba shi aure. Yaron da kunnensa ya saba da jin ana fitar da maƙwabcinsa daga Musulunci, ranar da wani ya ce masa ɗan sanda ma kafiri ne, ba zai ji baƙon abu ba. Ina koyar da 'yan aji shida. Makon jiya yarinya 'yar shekara 11 ta ce min kakanta ɗan wuta ne saboda yana wazifa. A gida ta ji, ko a wayar babanta.

Malamin Islamiyya: Hajiya, wannan gaskiya ce mai ɗaci, ba zan musa ba. Sai dai akwai tazara tsakanin saɓanin malamai da halatta jini.

Maman Ummi: Akwai tazara a wajenku masu ilimi. A kan ɗan shekara 17 da bai gama Ahalari ba, taku nawa ne?

Abban Sadiq: To kun ga inda nake nufi. Shi ya sa nake goyon bayan a riƙa tace masu wa'azi a ba su lasisi. Maroko ta buɗe cibiyar horar da limamai a Rabat a 2015, har daga Mali da Najeriya ana zuwa.

Baba Mai Ritaya: Horarwa daban, lasisi daban. A Kaduna an kawo dokar a 2016, ka ga yadda Musulmi da Kirista suka yi mata ca. Ranar da takardar wa'azi ta koma hannun gwamna, malamin da ya yi maganar albashin ma'aikata shi za a fara karɓe wa. Kuma yaron da ake son a ceto, da ya ji an ce "malamin gwamnati" ya toshe kunne. Ƙanen Ɗan Gwange ya saurari Malam Ja'afar ne don ya san ba a aljihun kowa yake ba.

Ɗan Gwange: Haka ne Baba. Da jami'in gwamnati ne ya kawo masa ayar nan, da ashanar zai ƙyasta.

Abban Sadiq: Na janye rabin maganata, raddi ya ceci mutane. Amma ina nan kan bakana game da zama da shi gaban kyamara. Ɗan Gwange, in karatun nan yana wayarka turo min. Akwai ɗan yayata a Rigasa da ya fara ce wa uwarsa ba zai koma makaranta ba.

Ɗan Gwange: Zan turo bayan Isha'i. Amma Yaya, kada ka tura masa kai tsaye, zai ɗauka tarko ne. Ka kunna a mota in kun fita tare, kada ka ce masa komai.