Neman shawara: duba marasa lafiya ta waya a cibiyarmu

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ni mataimakin likita ne a wata ƙaramar cibiyar lafiya a kudancin jihar Gadarif ta ƙasar Sudan, daga ni sai ungozoma ɗaya. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 jama'a suka ƙaru mana, musamman bayan faɗuwar birnin Wad Madani a watan Disamba na shekarar, ga shi kuma da damina ta kankama laka takan rufe hanya, har tarakta ma kafewa take yi. A daminar bara an kawo mini wani yaro da zazzaɓin mako uku da kumburin saifa, na yi zargin kala-azar ce (cutar da wani ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa ta hanyar cizo), na hau rufin ɗakin magani ina ɗaga waya sama don in aika wa wani likita hotonsa, amma saƙon bai tafi ba sai bayan sallar isha'i. Yanzu ɗan baffana, wanda likita ne a Jidda, ya amince ya riƙa duba mana marasa lafiya ta bidiyo sau biyu a mako. Na riga na sayi sola da kuɗin da jama'a suka tara, sai ga dattawa sun fara ja da baya. Ina mafita?

Wani dattijo daga Makka: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka biye wa masu jan ƙafa. A nan Saudiyya an buɗe asibitin Seha na intanet a Riyad tun watan Fabrairun 2022, ni kaina idan hawan jinina ya motsa lambar ma'aikatar lafiya, 937, nake kira, in yi magana da likita daga ɗakina. Ka nemi Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, ka fara gobe.

Wata ungozoma daga Kasala: Baba, Allah ya ƙara girma, amma Sudan ba Saudiyya ba ce. A Fabrairun 2024 layukan Zain da Sudani da MTN sun ɗauke, ko Bankak, manhajar banki ta waya, ba mu iya buɗewa. Matan da nake karɓar haihuwarsu kuwa ba za su buɗe jikinsu a gaban waya ba, alhali namiji ne a ɗaya ɓangaren. Mu da muke aiki wata da watanni babu albashi, wa ya taɓa tambayarmu?

Wani mai kantin magani: Malam, idan likitan ya rubuta magani, a ina za a samo shi? Kala-azar allura ce ta kwana 17 a ƙarƙashin kulawa, waya ba ta yin ta. Kuma idan aka rasa rai, wa za a tuhuma, kai ko shi?

Mai tambaya: Yaya, ban ce waya za ta yi allura ba, so nake in san wanda ya kamata a ɗora a tarakta zuwa asibiti da wanda zai iya jira. Zancen mata kuma, ungozomarmu za ta riƙa dubawa ta faɗa masa da baki. Solar ma an riga an kafa ta, ba ta mayuwa.

Dattijon Makka: Magana ta ƙare, ɗana. Duk wani sabon abu haka ake fara shi da gardama, kuɗin wata uku na Starlink kuma suna wuyana.

Ungozomar Kasala: Ƙanena, har yanzu ba ka faɗa mana dalilin da dattawan suka ja da baya ba. Kuma ma'aikatar lafiya ta jiha ta san da wannan shiri?

Mai tambaya: Zan je birnin Gadarif idan hanya ta bushe, in sha Allahu. A yanzu dai, wa ya san batirin da zai riƙe firjin allurai da na'urar Starlink tare har asuba?