Mulki da abinci: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara da aka yi kan mulki da abinci:

1. Kusan kowa ya yarda cewa manomin da ba shi da tabbacin gonarsa ba zai wahalar da kansa wajen raya ta ba. A fara gyara dokar mallakar fili.

2. Kamfanoni huɗu, ADM, Bunge, Cargill da Louis Dreyfus, sun kankane kaso mai tsoka na cinikin hatsin duniya. A sa musu ido.

3. Tallafin taki ya raba kawuna. Wasu sun ce a hannun masu uwa a gindin murhu yake ƙarewa. Wasu suka tuno Sirilanka, wadda ta hana shigo da takin zamani rana tsaka a 2021, noman shinkafa ya karye. Wannan ya tsaya mini a rai sosai.